Talatin da Tara

A Muxía, inda teku ke gaigayar gindin dutse
dare da rana ba ya ƙoshi,
kakata Dorinda tana da tebur mai ɗingishi,
an tokare ƙafarsa da gwangwanin kifi.
A kansa take shimfiɗa karta.

Matan masunta ne baƙinta.
Ba sa zuwa ido na ganin ido,
sai fitilun bakin ruwa sun kama,
su ƙwanƙwasa ƙofar baya,
ƙwai uku a ƙunshe cikin gyale, ko ɗan man zaitun.
Kuɗi ba ya hawa teburin nan.
Ta ce in karta ta ga kuɗi, kunya kan sa ta ƙarya.

"Yanka da hagu," in ji ta,
"dama ta saba da ciniki,
hagu ce maƙwabciyar zuciya.
Kar ki harɗe ƙafa, za ki ɗaure wa labari hanya."
In kyandir ya zubar da hawaye ta gefe guda
sai ta watsa gishiri bayan ƙofa, ta sake damawa.

Zinariya, kofi, takobi, kulki.
Kusurwoyinsu sun yi laushi kamar kunnen tsohon kare,
suna warin taba da albasa.

Na tuna daren Sabela.
Kwana goma sha ɗaya ba labarin jirgin Amaro.
Ta zauna, yatsunta na murza bakin riga
har zare ya fita.
Mahayin doki mai kofi ya faɗo a tsakiya.
"Yana tafe," in ji kaka, "kuma da ƙishi.
Je ki jiƙa wake."
Sabela ta yi dariya, dariyar ta karye a tsaka,
ta kifa kai a tebur ta yi kukan da ta hana kanta
tun ranar Talata.

Ni ina rakuɓe a bayan murhu, na gani:
idon kaka bai sauka kan kartar ba ko sau ɗaya.
Maƙogwaron matar take kallo.

Na ce, kaka, da gaske suna magana?
Ta ce, "Takarda ce, 'yar nan.
Amma wa zai ce ina jin tsoro
in ba a ba idonsa wurin fakewa ba?"

Amaro ya dawo.
Na Carmiña bai dawo ba, ita ma an ce mata ta jiƙa wake.
Duk da haka ta ci gaba da kawo ƙwai.

Da muka binne kaka cikin ruwan sama,
na kwance ƙyallen, na ƙirga.
Talatin da tara.
Na sake ƙirgawa, na leƙa ƙarƙashin tebur,
na zazzage aljihun tufar girkinta.
Arba'in ya kamata.

Mahaifiyata ba ta ce komai ba,
ta buɗe akwatin da ba a buɗewa,
ta ɗauko kwat ɗin kakana Uxío,
wanda ya manta a ƙusa safiyar da ya fita.
A cikin ɗinkin ƙirji wani abu ya yi tauri.
Takubba tara, sabuwa fil,
ita kaɗai ba ta tsufa ba.

Daren jajibirin tafiyarsa ta buɗe ta,
ta kife, ta zuba masa miya, ta yi shiru.
Shekara arba'in da shida
tana duba wa garin nan da karta mai giɓi,
kamar mai jego da ta ɓoye wuƙa daga yara.

Yanzu iska ta juyo daga yamma.
Jirage biyu ba su shigo ba.
Ga kartar a hannuna, ga kwat a cinyata,
kuma wani na ƙwanƙwasa ƙofar baya, a hankali,
da hannun da ba ya riƙe da ƙwai.

Na nemi allura.