Ɗan Gira

A rumfar cajin Barmo, bakin kasuwar Auyo,
can na fara ganinsa, shekarar da ruwa ya ci mana shinkafa.
Inji na tari, allo ya tsage ta gefe guda,
mu goma sha uku a kan benci biyu.
Yana tsaye ƙofar fadar Koriya riƙe da mashi,
hular ta fi kansa girma.
Kashi ashirin da huɗu bai ce uffan ba.
Sarki ya wuce, ya rusuna.
Mai ɗaukar butar sarki ya wuce, ya rusuna.
Ni kaɗai na lura ƙafarsa ta hagu na rawa
irin ta wanda ya wuni cikin ruwa yana dashe.

Sunansa ya fi ƙarfin harshenmu,
sai muka raɗa masa Ɗan Gira
don wani tabo da ya raba girarsa biyu.

Bayan damina biyu aka ba shi magana:
"Ranka ya daɗe, sun iso."
Iyakarta ke nan. Kibiya ta same shi a wuya.
Jatau mahauci ya tofar da goro, ya ce,
"Wannan bawan Allah da ƙashin tsiya ya zo."
Sau bakwai na ƙirga mutuwarsa.
Takobi, guba, kogi, igiya,
har da mota, yana sanye da kwat.
Kowacce da yadda yake yin ta,
kamar maɗinkin hula da ba ya maimaita zane.

Shekarar da na sayar da bijimi na sayi injin ban-ruwa,
shi kuma ya zama likitan fada.
Shekarar da Tabawa ta haifi autanmu
aka ɗora shi kan doki, runduna a bayansa.
Ranar da ya hau karaga
na sayi tsire na ɗari biyar na raba wa benci,
aka yi ta min dariya,
wai ko ɗan'uwana ne.
Na ce a'a, amma na san shi tun yana bakin ƙofa.

Daga nan furfura ta zo mana tare.
Aka mai da shi uban yara masu santsin fuska,
yana zaune ƙasa, yana cin shinkafa da tsinke biyu.
Ni shinkafar nake kallo:
gajera, mai danƙo,
da a gidana ne sai a ce ta caɓe.

Talatar da ta wuce ɗan Barmo ya tare ni da waya.
"Baba, mutuminka ya tafi."
Na ce, "Ai ya saba."
Ya ce, "Wannan ba a ɗauka ba."
Ya karanto min wai ɗan manomi ne,
wai shekara goma sha ɗaya yana dakon fitilun wasu,
yana kwana bayan labule kafin a ba shi mashin nan.
Ko gaskiya ne, ko gishirin waya, oho.

Sai yaron ya ce, "Ka taɓa jin muryarsa?"
Na buɗe baki, na rufe.
Duk shekarun nan wani Bakano ne ke magana a bakinsa,
yana "kai, ɗan nema," yana "sai ka ci ƙaniyarka."
Ya kunna min ta asali.
Ashe siririya ce, da ɗan kaushi,
kamar lauje a kan dutsen wasi.
Ko kalma ɗaya ban gane ba.
Na ce ya maimaita. Sau uku.

Ban san addu'ar da ta dace da shi ba,
ban kuma tambayi liman ba.
Na biya kuɗin cajina, na ɗauki keke.
A hanya na tsaya bakin fadama,
ruwa ya kai inda nake so,
gobe akwai dashe.