Darasin Tsayawa

Ranar Asabar, bayan kantin da ya mutu a Toledo,
inda ciyawa ta fasa kwalta ta leƙo,
na kashe injin na ce wa yaron: yau babu tuƙi,
yau tsayawa za mu koya.

Tavian ya yi dariya. Shekararsa sha shida,
gashin bakinsa bai gama shawarar fitowa ba.
"Mista Rainey, ai na iya birki."
Na ce na ƙafa ka iya. Saura na ƙirji,
saura na harshe, wanda ya fi kowanne santsi.

Na fita na zagaya ta bayan motar
da tocila a hannu, rana tsaka,
ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina jan bas ɗin birni,
yau na ari takun ɗan sanda.
Na ƙwanƙwasa gilashi da zobena.

Hannunsa ya zarce aljihu.
Na ce a'a.
Daga nan iyaye suke fara kuka.

Hannu biyu kan sitiyari, yatsu a buɗe
kamar mai jin ɗumin wuta.
In dare ne, kunna fitilar ciki.
Bakinka ya riga hannunka tafiya:
lasisina yana aljihun baya, zan ɗauko.
Sannu ba ta hana zuwa.

Lasisi, takardar mota, inshora,
waɗannan bashi ne, biya ka huta.
Amma inda ka fito, da inda ka nufa,
naka ne. Shiru ma dukiya ce, doka ta san da zamanta.
In ya ce bari in duba but,
ka ce ban yarda a bincika ba,
murya a kwance kamar ruwan randa.
In ya buɗe duk da haka, kada ka riƙe hannunsa,
riƙe sunan da ke ƙirjinsa, da ƙarfe nawa, da wane titi.
Gardama tana da ɗakinta, da alƙali a ciki,
ba ta kwana a gefen hanya.
Sai tambayar da nake so ka haddace kamar lambar wayar uwarka:
An tsare ni ne, ko zan iya tafiya?

Sau bakwai muka maimaita.
A na huɗu dariyar ta ƙare masa.

Noemi Quintero tana kujerar baya tun safe,
littafi a cinya, biro a baki, ba ta ce uffan ba.
Sai yanzu: "In na yi duka, ban bar ko ɗaya ba,
kuma bai isa ba fa?"

Jirgin ƙasa ya biyo ta bayan katanga, dogo, cike da hatsi,
na bar shi ya yi surutu a madadina.
Na tuna wani dare, shekarar da aka haifi 'yata,
kuncina manne da bonet mai zafi,
madarar jaririya tana tsiyaya a kujera.
Daren nan na yi duka. Ban bar ko ɗaya ba.
Har yau kafaɗar hagu ce ke gaya mini za a yi ruwa.

Da jirgin ya wuce na ce mata: ba ni da laya.
Kalmomi ne kawai a hannuna, kuma ba sulke ba ne.
Amma wanda ya san iyakar gonarsa
ko an taka masa shuka, ya san an taka,
ya san ƙofar da zai buga da safe.
Ni so nake ki kai safen.

Ta rubuta wani abu. Ban leƙa ba.

Tavian ya goge tafinsa a wando, ya murza makulli,
ya duba madubi, ya sake dubawa,
ya kunna sigina ta hagu,
alhali babu kowa a filin nan
sai mu uku da tattabaru.