Tsuntsayen Laka

Kefas ne ya ɗaga hannu,
ɗan Tabita mai tuyar ƙosai a bakin Katako,
wandonsa da taɓo har gwiwa.
Ya ce, "Malama, yaushe za mu kai wurin tsuntsayen?"
Na ce, "Waɗanne?"
Ya ce, "Waɗanda Yesu ya gina da laka yana yaro,
ya hura musu, suka tashi.
Kakar Laminu ce ta gaya mana."

Shekara goma sha tara ina koyar da yara ran Lahadi
ƙarƙashin rufin kwanon nan na Bukoki,
ban taɓa haɗiyar tambaya mai ƙaya irin wannan ba.

Da dare na bi shaidun nan huɗu gida gida.
Ga komin dabbobi, ga gudun Masar,
ga ɗan shekara goma sha biyu cikin malamai.
Tsakaninsu shiru.
Kuran ya ɗauke, na kunna tocila,
na sake lasar yatsa, na sake juyawa.
Ko gashin tsuntsu ban tsinta ba.

Rifkatu ta miƙo mini salula daga cikin sange.
"Ga shi nan, Inna. Wani tsohon rubutu ne,
magabata suka auna shi, suka bar shi a waje."
A can ba hurawa ya yi ba, tafi ya yi.
Na murza ƙasa kaɗan,
sai ga yaron ya fusata,
ya yi wa ɗan maƙwabta baki, ɗan ya bushe.
Na kife wayar.
Wannan ba shi ne wanda na sani ba.

Fasto Barnaba bai ja zance ba.
"Hatsin da bai shiga rumbu ba,
ba mu auna shi a tiya."
Na yarda. Har gobe na yarda.

Amma wanda ya zauna ya rubuta,
ina jin na san ciwonsa.
Ishaya na ya hau motar Agadas shekara shida ke nan.
Kira biyu, sannan ɗif.
Ni ce nake cike masa shekarun idan barci ya ƙi:
na ba shi shago, na ba shi mata,
wani dare har na yi masa ƙiba.
Mai ƙauna ba ya iya zama da farin shafi.

Da safe Hajiya Dije ta leƙo ta kan katanga
neman garwashi.
Na ce, "Ke ce kika ɗora mini aiki."
Ta ce, "Yaron ya rage labarin.
Da iznin Allah suka tashi, ki ƙara masa wannan."
Muka yi dariya, ta tafi da wutarta.

Lahadi na faɗa musu gaskiya:
babu shi a Littafinmu.
Kefas ya ce to, kamar an ce ƙosai ya ƙare.
Da la'asar kuma suka sulale bakin kogi,
kogin da Zabarmawa ke kira Isa,
suka dawo da laka cikin gwangwanin tumatir.
Goma sha ɗaya suka jera kan katangar majami'a.
Biyu sun fi kama da kwaɗo.
Ɗaya ba shi da kai.

Hadari ya taso daga gabas tsakar dare,
ya daki Yamai har asuba.

Na riga kowa zuwa, sai Kefas.
Katanga wayam,
sai jan zane da ya gangaro har ƙasa.
Bai dubi zanen ba.
Ya kare ido da hannu, ya ɗaga kai.

Amsar tana bakina, a shirye, kuma daidai ce.
Na riƙe ta tukuna.
Can sama da eriyar kamfanin waya
wasu ƙananan abubuwa suna juyi,
ban zo da tabarau ba.