Kujerar Ƙarshe

Ni ke share cocin kan tudu a Valparaíso.
Ran Asabar, a kujerar ƙarshe, na tarar da Eliseo,
shekara sha bakwai, leɓe a fashe, yana warin giya.

Ya ce, “Iya Herminia, namiji nake so.
Baba ya wurgo min takalmana ta taga.”

Ya Yesu, bakina cike yake da ayoyi,
sai hannuna ya riga shi:
ya kai ga butar shayi, ya gutsuro burodi.

Abin da aka koya mini yana nan, ban zubar ba,
yana min nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.
Yaron ma yana nan.

Jiya da dare, in ji shi, ya daɗe tsaye a tashar jiragen ruwa
yana auna zurfin teku da ido.
Na gode da ka juyo da ƙafarsa.
Na gode da sakatar nan da ta lalace tun Ista,
wadda nake ta mita an ƙi gyarawa.

Ya yi barci, baki buɗe.
Zan ƙarasa sharar a hankali.