Littafin Mai Caji

Ni ne mai caji a bakin tasha,
kan hanyar Gujungu, daura da mai faci.
Janareta ɗaya, talbijin ɗaya, benci uku,
rabin wayoyin gari a wurina suke kwana.

Daren Juma'a aka fara nuna ta.
Fijo ce ta da, an tashe ta, an yi mata fenti
launin madara, tana juyi a kan faifai
kamar ba ta taɓa sanin rami ba.
Mai shiri ya ce, "Kira ɗaya, mota ta zama taka.
Ga tambaya: rogo a ƙasa yake ko a reshe?"

Benci ya kwashe da dariya.
Wannan ai ko akuyar Tabawa ta amsa!
Dariya ba ta sauka ba, hannaye sun shiga aljihu.

Baba Nomau bai yi dariya ba.
Shekara goma sha tara ya ja irinta,
Kano zuwa Nguru, ta maigida, ba tasa ba.
Ya matso har hucinsa ya dusashe gilashin,
ya ce, "Giyarta a jikin sitiyari take.
Yaro, ba ni katin ɗari biyar."

Ya kira, wata murya ta ce ya jira.
Ya jira, kiɗa na tashi a kunnensa
har katin ya ƙone ƙurmus.
Muryar ta ce an gode, a sake gwadawa.
Ko zancen rogon ba a yi masa ba.

Ina da littafi, ni ba na ajiya a ka.
Mako bakwai:
Nomau, riɗi tiya shida.
Cindo tela, kuɗin zare da na gyaran keke.
Talatu mai awara ta aiko ƙaninta sau tara.
Garinmu kaɗai ke nan.
Garuruwa nawa ke da benci irin nawa?

Daren ƙarshe aka buga ganga,
aka ce kwamfuta ta zaɓa.
Wa ya ga kwamfutar? Wa ya tsaya a kanta?
Wani wai shi Alhaji S. ya ci.
Na wane gari? Muka ji murya tana godiya, ba fuska.
Ƙananan rubutu suka bi ƙasan allo a guje
kamar kiyashin da aka watsa wa ruwa.

Bara, da taki ya zo,
buhu goma, magidanta saba'in,
mai unguwa ya tuɓe hularsa, ya kaɗe ta a gabanmu.
Kowa ya ga sunansa ya faɗa ciki.
Aka kira yaron da bai iya karatu ba, ya sa hannu.
Ban samu ba.
Na koma gida ban ƙullaci kowa ba,
don na ga cikin hular.

Ban ce ƙarya suka yi ba.
Wataƙila yanzu haka wani na wanke ta a ƙofar gidansa.
Amma cinikin biri a sama muka yi,
kuma a kowane kati ina da naira ashirin.
Da ita na canza filogin janareta.
Wannan ma yana cikin littafin.

Bayan kaka suka dawo da sabon shiri.
Fijo ce dai, amma ja wur.
Nomau ya daɗe yana kallo, ya ce,
"Dubi madubin hagu, ɗan karkacen nan. Ita ce."
Na ce, Baba, Fijo da yawa take.
Ya yi shiru. Sannan ya kwance bakin aljihu,
ya ce, "To ba ni na ɗari."

Na ce kati ya ƙare.
Na sa gwiwa na danne durowar da suke ciki,
na juya tasha zuwa labarai.