Larabar Toka a Bootle

Ran Talata Filomina ta ce in sauko da kasko.
Shekarunta tamanin da bakwai, hannu na karkarwa,
amma ta fasa ƙwai uku, ko ɓawo bai faɗa ba.
Ta ce yau ake cinye maiƙon gida,
gobe azumi.
Da ta faɗi sunan abin sai na tuntsire da dariya:
ashe fanke ne!
Fanken da Iya Dudu ke soyawa a tashar Funtuwa,
ashe nan ne gidan ubansa.
Sai dai nasu falale ne kamar faifai,
a matsa lemon tsami, a barbaɗa sukari.
Ta ce in cilla shi sama in cafe.
Na cilla. Rabi ya dawo kasko,
rabi ya zama rabon kyanwa.

Laraba ba ni da aikin safe, jikanta ya kai ta coci.
Na shigo da azahar, lemata na ɗigar ruwa,
na same ta a gaban taga
da baƙin dabbare a goshi.
Raina ya ɓaci. Wa ya bar ta haka?
Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi.
Wata huɗu ina yi wa matar nan wanka,
na san kowane tamoji na jikinta,
ban san ƙarfinta ba sai ranar.
Ta damƙe min wuyan hannu kamar awartaki.

"Bar shi, Balaraba. Toka ce."

Ganyen dabinon bara, in ji ta,
wanda suka ɗaga suna waƙa,
shi ake ƙonawa.
Fada ya dangwala da babban yatsa,
ya ce: tuna, ƙasa ce ke, ƙasa za ki koma.

Na yi tsaye, tsumma na ɗiga a kan takalmina.
Ai na san maganar nan.
Ita ta shigo mana ta kan katanga
ran da maza suka dawo daga kai Baba,
muna zube a tsakar gida, ba mai ɗaga ido.

Sai ta miƙo yatsa mai sanyi
ta taɓa duhun da ke tsakiyar goshina.
"Tun zuwanki nake son tambaya."
Na ce tabon sujada ne.
Ta yi shiru, tana juya carbinta.
"Nawa zai goge kafin gobe.
Naki ba ya jin sabulu."

Bana azuminmu ya faɗo cikin nasu.
Nata kwana arba'in ba sukari a shayi,
Juma'a kuwa sai kifi.
Na ce wannan ai azumin gata ne,
ta ce in gwada shan shayinta tukun.
Ita ke gadin agogo yanzu,
kafin wayata ta kira magariba
ta fara buga sanda a ƙasa: je ki ci, je ki ci.

Amma daren Larabar nake faɗa.
Na wanke mata kunci, na wanke haɓa,
na kewaye tokar
yadda mai shara ke kewaye mai barci.
Da safe na same ta a rigar matashi,
shafi ɗaya, launin gajimaren garin nan.
Na cire rigar na riƙe a bakin injin wanki.
Na daɗe a tsaye
kafin ta kira ni, wai shayinta ya huce.