Randa Ta Yi Shiru

Daren jiya randar nan sai surutu take,
ƙus-ƙus, ƙus-ƙus, kamar tsofaffi biyu a bayan danga.
Yau na kara kunne a jikinta,
numfashina kawai nake ji.

Kwana bakwai ina yi wa jar dawa bauta.
Na jiƙa, na baza, na yayyafa har ta fid da tsiro,
na kai inji a Jambutu, na dawo da gari a gashin ido.
Na dafa, na bari ta kwana ta yi tsami, na sake dafawa,
itacen jaka uku ya zama toka.

Sai ga ruwan Agusta, kwana biyu babu ɗaukewa.
Binuwai ta cika ta batse, Garwa ta jiƙe sharkaf,
sanyi ya biyo ta ƙasa ya kama gindin randa.
Kumfar da ta taso kamar auduga a buhu
ta kwanta, ta tsage, ta koma gefe ta laɓe.

Na ɗebo a ludayi na kurɓa. Zaƙi zalla.
Kunu ke nan.
Wa zai ba da dala ashirin don kunu?
Gobe Asabar, leburorin kamfanin auduga sun karɓi albashi.
Temwa zai zo da ƙwaryarsa mai ɗinki,
ya ɗanɗana, ya dube ni, ya tsallaka gidan Maiwore.
Hamajoda mai hatsi ba ya sha,
amma ya fi mashaya sanin ranar da bilbil ke nuna,
ranar yake zuwa gaisuwa da littafi a hammata.

Ko irin ne ya tsufa?
Busasshiyar kumfa ƙulle a tsumma,
jikar jikar wadda inna ta taho da ita daga Kaele.
Ta ce abu ne mai rai, ba ya son hannun mai fushi.
Ni kuwa da fushi na barbaɗa shi,
ranar da Damaris ta bugo waya daga Duwala
ta ce ba ita ba warin tsiro har abada.

Wasu sukari suke zubawa, wasu ƙwaya.
Ni toka mai ɗumi na kwaso daga murhu,
na zagaye gindinta,
na yaye bargon da nake rufa na lulluɓe ta,
na ce: yi haƙuri, ba da ke nake ba.
Na kwanta kusa, bayana a jikin yumɓu,
ban san wa ke ɗumama wani ba.

Can wajen asuba, ladanin ƙetaren titi yana gyaran murya,
na ji ɗis.
Shiru mai tsawo.
Sannan ɗis, ɗis.

Ban tashi ba, ban ɗaga bargo ba.
Na san halinta tun tana hannun inna,
in ana kallo ba ta magana.